Yadda Ake Zaɓar Fodkas da Littafin Sauti Masu Amfani

Duk wanda ya buɗe manhajar saurare irin Spotify ko Apple Podcasts zai tarar da shirye-shirye birjik, har ya rasa wanda zai kama. Kalmar fodkas, wato shirin magana da ake saurare ta intanet kashi-kashi, ba ta daɗe ba, domin a shekarar 2004 ne ɗan jarida Ben Hammersley ya yi amfani da ita a jaridar Guardian ta Ingila, amma littafin sauti ya girme ta nesa ba kusa ba, tunda a shekarun 1930 aka fara naɗar littattafai a faifai domin makafi a Amurka da Ingila. A ganina, abin da ya fi muhimmanci wajen zaɓe shi ne a bar kunne ya yanke hukunci, maimakon bin suna ko yawan masu yabo.

Ka fara da tantance lokacin da za ka riƙa saurare. Idan hannunka na kan wanki ko shara, ko kana tafiya a ƙasa, hankalinka zai iya bin doguwar magana mai zurfi. Idan kuwa aikin yana buƙatar lissafi ko rubutu, babu abin da zai zauna maka, sai dai ka yi ta mayar da sautin baya. Shirin In Our Time na BBC, wanda Melvyn Bragg ya fara gabatarwa a 1998, yana haɗa masana uku su tattauna batu guda na tarihi ko kimiyya ko falsafa cikin ƙasa da awa ɗaya, saboda haka ya dace da tafiya matsakaiciya. Shi kuwa shirin tarihi Hardcore History na Dan Carlin, kashi ɗaya kan kai awa huɗu ko fiye, don haka sai wanda ya shirya raba shi kwana da kwanaki.

Daga nan sai gwajin minti goma. Kada ka fara da kashi na farko na fodkas, domin yawanci a lokacin mai shirin bai gama gogewa ba, sautinsa ma bai daidaita ba. Ka zaɓi wani kashi daga tsakiya wanda ka ɗan san batunsa. Da haka za ka gane ko mai maganar ya san abin da yake faɗa, ko yana ambaton inda ya samo bayaninsa, ko yana barin baƙonsa ya kai aya kafin ya katse shi. Idan minti goma suka wuce ana ta gaishe-gaishe da talla ba a shiga batu ba, ka bar shi ba tare da jin nauyi ba.

A littafin sauti, mai karatu shi ne rabin littafin. Littafi mai kalmomi dubu casa'in kan ɗauki kimanin awa goma, ke nan za ka zauna da murya ɗaya tsawon wannan lokaci. Saboda haka ka saurari ɗanɗanon da manhajoji irin Audible ke bayarwa kyauta, ka lura da inda mai karatun yake numfasawa, da yadda yake bambanta muryoyin mutane a labari ba tare da ya mayar da abin wasa ba. Ka duba kuma ko cikakken littafin ne ko an taƙaita shi, domin wanda aka taƙaita yakan zubar da misalan da suke riƙe da hujjar marubuci. Akwai LibriVox, wanda aka kafa a 2005, inda 'yan sa-kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kuma kyauta ne. Sai dai ingancin karatun ya bambanta ƙwarai, wani lokaci ma kowane babi da mai karanta shi, don haka gara a nemi wanda mutum ɗaya ya karanta daga farko har ƙarshe.

Bayan ka samu wanda ya kwanta maka, ka sauke shi a waya tun kana da intanet mai ƙarfi. Awa ɗaya ta magana kan ci tsakanin megabait 30 da 60, gwargwadon ingancin naɗin. Game da ƙara sauri, ninki 1.25 na saurin asali ya wadatar ga hira, amma labari da waƙa su a bar su yadda aka karanta su, domin shirun da mai karatu ke yi yana da ma'ana. Mai saurare da dare ya saita agogon kashewa na minti 15 ko 30, don kada barci ya ɗauke shi ya farka babi biyar sun wuce. Ka kula da kunnenka ma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana saurare a ƙarar desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma idan na kusa da kai yana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinka, ƙarar ta yi yawa, sai ka rage.