Mu riƙa yi wa yaranmu hira tun kafin su shiga firamare

Assalamu alaikum iyaye mata. Wata 'yar shawara ce ga masu yara 'yan shekara 3 zuwa 5.

Kafin yaro ya cika shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. A wannan lokacin ƙwayoyinta suna ta ƙulla hanyoyi a tsakaninsu. Wadda ake yawan bi sai ta yi ƙarfi, wadda aka bari sai ta shafe, kamar turbar gona da ciyawa ta cinye. Hira tana ƙarfafa su sosai, ki yi masa magana, ki jira ya amsa.

Ni idan zan je cefane kasuwar Farin Gada a nan Jos, da autata nake zuwa. Ina sa ta ƙirga tumatir, ta faɗi launin karas da kabeji. A gida tana tsince wake tana ba ni labari, ko rabinsa shirme ne ina amsawa.

Idan ɗan shekara 4 ya faɗi yana birgima don an hana shi abu, don Allah a yi haƙuri da shi. Ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da danne zuciya, ba ya gama nuna sai bayan shekara 20, kuma duka ba ya gaggauta shi.

Kallon waya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce awa 1 a rana ga 'yan shekara 2 zuwa 4. Barci kuma, 'yan shekara 3 zuwa 4 su samu awa 10 zuwa 13, har da na rana. Da sanyin Jos ɗin nan, ki lulluɓe shi da wuri, ki yi masa tatsuniya har barci ya ɗauke shi.