Yadda Nake Kallon Softbol Na Jami'o'in Amurka

Idan za ka fara kallon softbol (wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda) na 'yan matan jami'o'in Amurka, fara da ƙungiyar Jami'ar Oklahoma. Patty Gasso ke horar da su tun kakar 1995. Kofin ƙasa takwas ta ɗauka, huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024.

Ni dai mai jifa nake zuba wa ido, wato wadda ke jefa wa mai riƙe da sanda ƙwallo. Daga ƙasa take wurgo ƙwallon, tazarar ƙafa 43 kacal, kafin ƙiftawar ido ta iso. Lura da lokacin da koci ke sauya ta, domin a nan nake gane gwanar koci.

Zagaye bakwai ne wasan. Gasar ƙarshe kuwa a birnin Oklahoma ake yi, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni.