Yadda ake gano abin da ya kori tsuntsaye daga fadama ko dajin garinku

Idan ka ce wa manomin shinkafa a Hadeja ko Nguru tsuntsaye na raguwa, zai ce ba ka san gona ba, domin shi jan baki ya hana shi sakat. Gaskiya ya faɗa, amma yawan tsuntsu daban, yawan ire-irensa daban. Wuri yana iya cika maƙil da iri ɗaya bayan iri ashirin sun yi ƙaura. Ga yadda mutum zai auna wannan da kansa, da littafi da biro da agogon waya. Madubin hangen nesa yana taimakawa, amma rashinsa ba ya hana aikin.

Da farko ka zaɓi wurare uku masu kama da juna a ƙasa da ruwa, waɗanda suka bambanta wajen abin da ya same su. Ɗaya wanda ba a cika taɓawa ba, kamar kurmin da gari ke karewa. Ɗaya da ake kiwo ko noma a cikinsa amma bishiyoyinsa na tsaye. Na uku wanda aka sare, ko aka ƙone, ko kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta rufe. Kada ka haɗa bakin tafki da tudun jigawa, don bambancin da za ka gani na ƙasar ne.

Kafin ka ƙirga ko tsuntsu ɗaya, zauna da dattawan wurin, musamman masunta da makiyaya. Ka ce, "Baba, yaushe rabonka da ganin gauraka a nan?" Tambayi ɗinya da kirinjijiya da burtu da ungulu, kowanne da sunansa, sannan ka tambayi abin da ya faru a shekarun da suka daina zuwa. A nan ne aikin yake da wuya, domin abin da Allah ya kawo da abin da hannun mutum ya jawo sukan cakuɗe. Yankin Hadeja da Nguru ya sha farin farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984, kuma a tsakanin nan aka kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Da can ruwa yakan malale fadama da damina ya janye da rani, ya bar taɓo da ƙananan kududdufai inda masu dogayen ƙafafu ke kiwo. Da aka riƙa sakin ruwa daga madatsun zuwa yankin har da rani, wasu wuraren suka daina bushewa, kacalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama makwancin jan baki. Wanda ya rubuta "kacalla" kawai a littafinsa bai kai ga tushen maganar ba.

Sai ƙirgar kanta. A kowane wuri ka ware tsayawa biyar, tsakanin kowace da ta gaba kamar mita 200, don kada ka ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Ka fita da zarar gari ya waye, ka gama kafin ƙarfe tara, domin rana na ɗagawa suke yin shiru. In ka isa, tsaya cik na minti biyu su manta da kai. Daga nan ka ba kanka minti goma, ka rubuta duk wanda ka gani ko ka ji kukansa a cikin mita 50. Wanda ya wuce ta sama bai sauka ba, sa shi a gefe. Wanda ba ka san sunansa ba kada ka laƙaba masa. Rubuta girmansa, launin bakinsa, da abin da yake yi.

A shafin da ke kallon wannan, rubuta halin wurin: kututturen sabon sara nawa, akwai toka, akwai tarko ko raga, an yi feshi, ruwa ya kai ina. Ka kula da bishiyar da tsuntsu ya sauka a kai. Gawo ya cancanci a ƙirga shi shi kaɗai, domin da rani yake fitar da ganye, daidai lokacin da ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari suka iso daga Turai. Sare gawo ɗaya a gona asara ce da ta fi ƙarfin itacen girkin da aka samu.

Ka maimaita a Janairu, lokacin da baƙin Turai ke nan, da kuma Agusta, lokacin da shamuwa ta zo.

Wajen karanta sakamako, fara da adadin iri, sannan ka duba ko iri ɗaya ya mamaye. A ce wani wuri ya ba ka tsuntsu 300, amma 280 jan baki ne; wani kuma ya ba ka 60 kacal daga iri 18. Na biyun ya fi lafiya nesa ba kusa ba. Kada ka yi mamaki in gonar da ke da bishiyoyi ta fi kurmi yawan iri, hakan na faruwa, saboda ta tara na fili da na daji. Abin dubawa shi ne su waye suka ɓace. Belbela da kurciya suna jure zama da mutane, masu sheƙa a kogon tsohuwar bishiya kamar cilakowa ba sa jurewa. Ka kuma bambanta ɓarnar da ke warkewa da wadda ba ta warkewa: bayan ambaliya ko gobarar farkon rani yawanci sukan dawo, amma inda aka tuge bishiyoyi sai wasu sun girma.

Kada littafin ya tsaya a aljihunka. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma masu sa-kai suna tura abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Ka kai wa mai unguwa da jami'in gandun daji na ƙaramar hukumarku kwafi, da kwanan wata da sunan kowace tsayawa.