Kurakuran da ke kashe CV ɗin sabon mai lisans

Ƙannena da kuka fito daga jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua ko Abdou Moumouni ta Yamai, babban abin da ke kashe CV ɗinku shi ne kwafe. Sai yaro ya shiga shagon buga takardu, ya ce wa mai kwamfuta ya buɗe masa na wani, a goge suna da ranar haihuwa, a sa nasa. Shi ya sa mai tantancewa ke ganin magana ɗaya a takarda bayan takarda: kowa mai himma ne, kowa mai tsantseni, kowa ya iya aiki da jama'a. Wani ma lambar wayar mai takardar farko ake mantawa a sama, a yi ta kiran wanda bai nemi aikin ba.

Abin da ke jawo kwafen shi ne tunanin cewa wanda bai taɓa cin albashi ba, ba shi da abin rubutawa. Akwai shi, ba a dai iya faɗarsa ba. Shekara 3 ka yi kafin ka samu lisans, wato digirin farko. Ka yi sitaj, wato koyon aiki a wata ma'aikata, ka rubuta rahotonsa, wataƙila ka taɓa bin ƙauyuka da takardar tambayoyi a wani bincike, ko ka riƙe ma'ajin ƙungiyar ɗalibai, ko ka koyar da ƴan jarrabawar BEPC lissafi da yamma. Duk aiki ne. Amma dubi yadda ake rubuta shi: "Sitaj a ma'aikatar magajin gari." Shi ke nan. Me ka yi a can, shan shayi? Rubuta wata nawa ka yi, a wane sashe, da abin da hannunka ya taɓa: "Wata 3 a sashen takardun haihuwa: karɓar iyaye, cika rajista, shigar da sunaye cikin Excel." Wanda ya karanta wannan ya san inda zai zaunar da kai ran Litinin. Haka wadda ta yi hidimar ƙasa a wata ma'aikata, kada ki tsaya ga sunan wurin, ki faɗi aikin da aka damƙa miki.

Sai jerin karatu. A fara da digirin ƙarshe, a gangaro zuwa bak, jarrabawar kammala sakandare, a tsaya. Ba mai tambayar firamaren da ka yi. Shafi ɗaya ya isa.

Wurin harsuna ma ana asara a banza. Za ka ga ɗan Abalak ko Cintabaraden ya rubuta yana jin Turanci sosai, alhali gaisuwa kawai ya iya, ya kuma bar Tamajaq da ya tashi da shi. To ai mai aikin rigakafi ko na rijiyoyi a Azawak wanda zai iya magana da makiyaya yake nema. Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajaq, duk wanda kake ji ka rubuta shi, ka bambance wanda kake magana da shi da wanda kake iya rubutawa. Ƙaryar Turanci kuwa tambaya ɗaya ke tona ta ranar ganawa.

Lambar waya a sa +227 a gaba, kuma ta zama wadda ke hannunka, ba ta yayanka da ke Konni ba. Adireshin imel ya ɗauki sunanka na gaskiya, a bar laƙabin fada a fada. In an ce a aiko ta intanet, a mai da takardar PDF, a sa mata sunanka. Hoton takarda da aka ɗauka a kan tabarma, da inuwar yatsa a gefe, ba a aika shi.

Sannan a karanta sanarwar har ƙasa, ko a jaridar Le Sahel aka gan ta ko a allon ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa. Da yawa na neman wasiƙar neman aiki, da katin ANPE, da takardar zama ɗan ƙasa, da takardar kotu ta rashin laifi wadda ba ta wuce wata 3 ba. Tata ranar ce aka fi mantawa a duba. Digiri kuma kwafinsa da hukuma ta buga wa hatimi ake miƙawa, na asali ya zauna gida sai ranar da aka ce a zo da shi.