Yadda ake sayen gida, sayarwa ko jinginar da shi ba tare da an ƙare a kotu ba

Da yawa daga cikinmu muna ganin da zarar an ce "sallama", an ƙirga kuɗi a gaban shaidu, mai unguwa ya sa hannu, to gida ya zama namu. A idon jama'a haka ne. A idon doka kuwa da sauran tafiya, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar da ke kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mai gida yake riƙe da shi iznin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma wannan iznin ne yake sayar maka. Ga yadda ake bi da cinikin daki-daki.

Mataki na farko: gano wane ne mai gidan

Dillali ba mai gida ba ne, komai daɗin bakinsa. La'adarsa yake nema, kuma ba laifi ba ne, amma ka nemi a haɗa ka da mai gidan ido da ido, ka ga katin shaidarsa, ka gwada sunan da wanda ke jikin takarda. In wakili ne, ya nuna takardar wakilci wadda ta ba shi ikon sayarwa ƙarara, sannan ka tabbatar wanda ya wakilta shi yana raye kuma bai janye ba.

Gidan gado ne ya fi kowane gida jawo rigima. Babban wa ba ya da ikon sayar da kason ƙannensa don kawai shi ne babba, balle in akwai marayu ƙanana, ko wata 'yar'uwa da ke aure a wani gari wadda ba a ma gaya mata ba. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuma duk magada su sa hannu, mata da maza. Akwai kuma batun shuf'a. A mazhabar Malikiyya, wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin karɓe kason da abokin tarayyarsa ya sayar wa bare, ya biya kuɗin da aka saya. Maƙwabci na jikin katanga ba ya da wannan haƙƙi a Malikiyya, duk da cewa mutane kan ɗauka yana da shi. Yi masa tayi dai kyautatawa ce.

Mataki na biyu: bincike kafin kuɗi

Karɓi kwafin takardun ka bai wa lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba. Shi zai rubuta neman bincike a ofishin rajistar ƙasa: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Fayil ɗin zai nuna sunan wanda gwamnati ta sani a kan filin, ko an jinginar da shi a banki, ko an soke takardar, ko akwai gargaɗin da wani ya shigar saboda shari'a, da kuma bashin harajin ƙasa da ya taru. Takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, ana buga ta jabu mai kyan gani ƙwarai, don haka riƙe ta a hannu bai isa ba sai ta dace da abin da ke cikin fayil.

In gidan a unguwar awon igiya yake, wato wadda ba gwamnati ce ta yanka filayenta ba, sau da yawa ba za ka samu fayil ba. A nan sai ka bi silsilar cinikin baya, wa ya sayar wa wa, har zuwa mai gonar asali, ka ji ta bakin mai unguwa da dagaci da tsofaffin maƙwabta. Ka kuma leƙa hukumar tsara birni, irin KNUPDA a Kano, ka ji ko wurin yana kan hanya, magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ɗauki safiyo ya auna. Da damina ya fi kyau a je duba gida, wannan kuma ba sai lauya ya gaya maka ba.

Mataki na uku: kafin alƙalami da yarjejeniya

In za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta: nawa aka bayar, yaushe za a cika, me zai faru in ɗaya ya fasa, kuma kuɗin zai dawo in bincike ya tono matsala. A rubuta ranar da masu haya za su tashi, da wanda zai biya tsohon bashin wuta da ruwa. Biya ta banki, cikin asusun mai gidan.

Mataki na huɗu: takardar miƙa mallaka da amincewar gwamna

Ranar cika kuɗi ne ake sa hannu a takardar miƙa mallaka da lauya ya tsara, ka karɓi takardun asali da makullai. Nan ne mafi yawan mutane suke tsayawa, alhali sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya hana a sayar, a jinginar ko a miƙa ƙasar birni ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. A Abuja ministan babban birnin tarayya ne ke ba da amincewar. A ƙasar karkara mai iznin gargajiya, ƙaramar hukuma ake nema.

A doka mai sayarwa ne ya kamata ya nemi amincewar, amma a aikace mai saye ne ke zirga-zirgar, tunda shi ne zai yi asara. Saboda haka kada mai sayarwa ya ɓace maka kafin ya sa hannu a takardar neman amincewa. Bayan ta fito sai a biya harajin hatimi, a yi wa takardar rajista. Kuɗin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma ana lissafa shi ne bisa ƙimar da gwamnati ta yi wa gidan. Rage kuɗin ciniki a takarda don kauce wa haraji dabara ce mai cin mai ita, domin ranar da aka je kotu neman a dawo maka da kuɗinka, abin da aka rubuta shi ne hujja.

In kai ne mai sayarwa

Biya bashin harajin ƙasa tun kafin ka kira dillali, ka tattara takardunka, kuma kada ka saki na asali sai kuɗi ya zauna a asusunka. Aibin da ka sani game da mallakar gidan, faɗe shi.

Jingina da sauya banki

Banki zai yi nasa binciken, ya riƙe takardarka ta asali, kuma jinginar ma tana buƙatar amincewar gwamna. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda rashin wannan amincewa, shi ya sa bankuna ba sa wasa da ita. In kana son mayar da bashin gidanka wani banki mai sauƙin sharuɗɗa, fara tambayar tsohon bankin adadin da ya rage a rubuce, da tarar biya kafin wa'adi in akwai. Sabon bankin zai biya tsohon, tsohon ya ba da takardar warware jingina, a yi mata rajista, sannan a ƙulla sabuwar jingina da sabuwar amincewa. Ko da ka gama biyan bashi gaba ɗaya, sai ka bi ka tabbatar an yi wa takardar warwarewar rajista, in ba haka ba fayil ɗinka zai ci gaba da nuna gidan a hannun banki har ranar da lauyan wani mai saye zai je bincike.