Yadda za ka rage abin da masu ba da aiki ke gani a shafinka na Upwork

Upwork dandali ne na neman aiki ta intanet. Ana yawan tambayata wannan, to ga matakan:

1. Buɗe shafinka, ka danna See public view, ka ga abin da baƙo ke gani.
2. Shiga Settings, sannan Profile settings.
3. A Visibility, zaɓi Only Upwork users.

Hattara: zaɓar Private a wurin na cire ka daga sakamakon bincike, gayyatar aiki ta ragu. Kuma wanda ka nemi aikinsa zai ga shafinka duk da haka.

4. Ɓoye kuɗin da ka samu a Earnings privacy. Wannan sai mai Freelancer Plus, wato tsarin Upwork na biyan kuɗi.
5. Duba kwangilolin da suka daɗe ba motsi, domin suna nunawa kamar kana kansu.
6. Tuntuɓi mai aikin kafin a rufe kwangilar, don shi zai ba ka maki.