Darasi na 9: Idan Nahiyoyi Suka Sake Haɗewa

Ku ɗauko fasasshiyar ƙwarya, ku baza sakainunta bisa tabarma, ku riƙa matso su har bakin kowace ya shiga bakin ƴar'uwarta. Yanzu ku dubi taswirar duniya. Ƙugun Afirka ta yamma da goshin Burazil, ba ku ga kamar daga ƙwarya ɗaya suka fashe ba?

Haka abin yake. Shekara kamar miliyan 300 da suka wuce, duk nahiyoyi dunƙule suke wuri guda, masana na kiran dunƙulen Panjiya. Wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya kawo wannan magana a 1912, aka ƙi yarda da shi. Ga shaida kusa da mu: ƙaton kadan nan na zamanin da, na Gadafawa a yankin Agadas, da ƙasusuwansa ke gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, an tono ɗan'uwansa a Burazil.

Har gobe ƙasa tafiya take, santimita kaɗan a shekara, kamar tsiron farce. Afirka tana matsawa arewa wajen Turai. Masana na hasashen nan da shekara miliyan 250 nahiyoyin za su sake haɗewa.

To, me zai faru? Mu mutanen Tawa mun riga mun ɗanɗani amsar. Ruwan daminarmu iska ce ke ɗauko shi daga teku, tafiyar kusan kilomita 1,000. Kafin hadari ya iso Adar ya zubar da mafi yawan kayansa a kudu. Agadas ta fi mu ƙishi, Bilma kuwa sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba. Ina ga ƙasar da tsakiyarta ta ninka wannan nisa sau da yawa? Gero ba zai yi ba, rijiya ba za ta kawo ba. Wani bincike na jami'ar Biristol ta Ingila a 2023 ya nuna zafi zai riƙa kai digiri 40 zuwa 50 a wurare masu yawa, don duwatsu masu aman wuta za su ƙaru, rana ma za ta ƙara ƙarfi. Ku tuna tsakar ranar watan Afrilu, lokacin da ko akuya ba ta barin gindin bango.

Aikin gida: ku zana Afirka da Amurka ta Kudu a kwali, ku yanke, ku haɗa su. Wanda ya bi ta tsaunukan Adar kuma ya duba duwatsu da kyau, ana tsintar masu siffar katantanwar teku. In kun samu, ku zo da ita aji ranar darasi na gaba.